Liyafar yara a gidan haya: a zaɓi jigon da ɗan maƙwabci zai iya shiga

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wata al'ada da ta shigo zangunanmu na Accra da ƙarfinta, wato shirya wa yara da ƙawaye liyafa a gida bisa jigo guda. Za a ce yau kowace yarinya ta zo da shigar gimbiya, ko kowa ya sa shuɗi, ko a mayar da falo filin ƙwallo, sannan a yi odar kek da balan-balan da jakunkunan kyauta masu hoto iri ɗaya. Ni malamar firamare ce kuma uwa, mazauniyar Nima, kuma ba na cikin masu kushe wannan abu daga tushe. Yaro yana buƙatar ranar da zai riƙa ɗokin zuwanta, kuma uwar da ta tara yara a gabanta ta fi wadda ta sake su ba ta san inda suke ba. Abin da ya dame ni shi ne irin jigon da muke kwasowa daga Instagram da TikTok, domin an tsara shi ne don gidajen da ba irin namu ba.

Mutanen da muke kwaikwayo, ko a Amurka suke ko a East Legon, unguwar masu hali ta Accra, iyali ɗaya ne a gida mai katanga da ƙofar ƙarfe, wanda aka gayyata shi kaɗai zai san ana wani abu. Mu kuwa a Nima da Mamobi da Sabon Zango da Fadama, yawancinmu gidan haya muke, iyalai da yawa a tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Duk abin da aka soya a ɗaki guda, hancin kowane yaro a gidan ya shaida. A irin wannan zama, katin gayyata ba gayyata kawai yake yi ba, har da kora, kuma sharaɗin tufafi ya fi katin kora.

Na halarci wata liyafa da aka ce kowace yarinya ta zo cikin ruwan hoda daga sama har ƙasa. An yi ado mai kyau, ba laifi, an ɗaure balan-balan a bakin ƙofa, mai hoto yana ta jera yara. A gefen randa kuwa wata yarinya 'yar gidan ce tsaye, wadda uwarta ke sayar da koko da ƙosai a bakin titi. Ta yi wanka, ta shafa mai har goshinta na ƙyalli, ta sa rigarta ta Sallar bara, koriya. Ba wanda ya yi mata tsawa. Sai dai duk lokacin da ta matso, mai hoto ya ɗaga hannu ya ce ta ɗan ja baya kada ta ɓata launi, daga ƙarshe aka miƙa mata yankan kek a takarda ta koma ƙofar ɗakinsu ta ci. Matar da ta shirya liyafar ba muguwa ba ce, na san ta da kyauta da son mutane. Jigon da ta zaɓa ne ya yi aikin da ita da bakinta ba za ta taɓa yi ba.

Mu mata mun san wannan ciwo tun kafin yau. Mun san yadda yayin biki yake sa mace ta ci bashi ko ta karya adashinta don kada a ce ba ta fito cikin anko ba, mun kuma san wadda take ƙirƙirar ciwon kai ranar biki saboda ba ta sami kuɗin ɗinki ba. Malamai sun yi wa'azi a kai har sun gaji. Ban ga dalilin da zai sa mu ɗora wa 'yan shekara biyar wannan kaya ba, alhali kuɗin haya da na makaranta da na wuta suna jiran kowa a ƙarshen wata.

Saboda haka shawarata ita ce a auna kowane jigo da ma'auni ɗaya: shin ɗan maƙwabci zai iya shiga ba tare da uwarsa ta je kasuwar Makola ta sayi wani abu ba? Idan aka yi wannan tambaya, sai a ga cewa jigogin da suka fi dacewa da mu suna nan a hannunmu, ba a ma sayen su.

Na farko a wurina shi ne daren tatsuniya. Ana shimfiɗa tabarmi a tsakar gida bayan sallar isha'i, a kashe talabijin, a karɓi wayoyi a zuba a kwano, a zaunar da tsohuwar da ta fi kowa baki a gidan. Da ta ce «Ga ta nan, ga ta nanku», a koya wa yara su amsa «Ta zo mu ji ta», don da yawansu ba su taɓa jin amsar ba. Yaranmu sun san Kwaku Ananse, gizo-gizon tatsuniyoyin mutanen Akan, daga littafin makaranta, amma kaɗan ne suka san Gizo da matarsa Ƙoƙi, ko kurar da kwaɗayi ke jefa ta cikin wahala kullum. Idan ana son shiga ta musamman, kwalin da aka jefar da gawayi da ɗankwalin uwa sun isa a yi kunnuwan zomo da gemun bunsuru, kuma yin su tare da rana shi ne rabin daɗin bikin. Idan aka ɗauke wuta, abin ma ya fi armashi. Akwai wata riba kuma da nake gani a matsayina na malama: yaranmu suna Hausa a titi, amma ƙirga da sunayen dabbobi da launuka duk da Turanci suke yi, kuma kacici-kacici da waƙoƙin cikin tatsuniya suna dawo musu da kalmomin ba tare da allo ko bulala ba.

Na biyu, wanda ya fi dacewa da 'yan shekara takwas zuwa sama, shi ne ayarin fatake. Kakannin da yawa daga cikinmu fataucin goro ne ya kawo su ƙasar nan. Suna tasowa daga Kano da Katsina da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su yi watanni a hanya kafin su isa Salaga a ƙasar Gwanja, su koma da goro. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ne ya tarwatsa kasuwar, mutane suka bazu zuwa Kete-Krachi da Kumasi da Accra da wasu garuruwa, kuma cikin waɗanda suka koma Kete-Krachi har da babban malami mawaƙi Alhaji Umaru, wanda ya rasu a 1934. Duk wannan ana iya mayar da shi wasa a tsakar gida. A naɗa yaro ɗaya madugu uban tafiya, wani jagaba, a mai da ƙofar kowane ɗaki zango, a shimfiɗa shuɗin zane ya zama kogin da sai an biya kuɗin fito kafin a haye, murafen kwalba su zama kuɗi. Kowace uwa a gidan ta tsaya a ƙofarta ta yi wa ayari tambaya ɗaya kafin ta ba su masauki da ƙuli-ƙuli. Da haka gidan gaba ɗaya ya shiga bikin, kuma yaro ya kwana da sanin dalilin da ya sa ake kiran unguwarsu zango.

Ranar wasanni ba ta buƙatar dogon bayani: ampe da gaɗa ga 'yan mata, langa ga maza, dara da oware ga masu son zama. Manya ma suna da nasu. Zangunanmu sun tara Hausawa da Dagomba da Kotokoli da Zabarmawa da Fulani da Wangarawa da Yarbawa, don haka ƙawayen adashi za su iya cewa kowacce ta zo da girkin garinsu, wannan tuwon zafi da miyar ayoyo, waccan fura, wata cuku soyayye, a ci a yi ta gardamar wadda ta fi iya hannu.

Abincin yara shi ma daidai ruwa daidai tsaki. Tukunya ɗaya ta shinkafa da wake mai karan dafi, da masa ko funkaso, da zoɓo ko lamurje a babban bokiti, za su ciyar da yaran gida duka da kuɗin da bai kai na kek mai hawa uku ba. Sai dai a tambayi iyaye ko akwai yaron da gyaɗa ba ta karɓe shi ba, a zare tsinke daga tsire kafin a miƙa wa ƙanana, a kuma tsince fasassun balan-balan nan take, domin suna shaƙe yaro idan ya kai baki. Tarkacen leda da kofunan roba kuma kada su ƙare a kwata. Wanda ya ga ambaliyar 3 ga Yuni 2015, da gobarar da ta biyo ta a kusa da shataletalen Kwame Nkrumah har mutane fiye da 150 suka rasu, ba ya buƙatar a faɗa masa abin da toshewar magudanan ruwa ke jawowa a wannan birni.

Haƙƙin maƙwabta bai tsaya ga gayyatar 'ya'yansu ba. Liyafar yara goma sha ba ta buƙatar sifikun da ake haya don ɗaurin aure, kuma a gidan da akwai jinjiri ko tsoho marar lafiya ko mai aikin dare, kyautatawa ita ce a sanar da mutane tun da wuri, a kuma kashe sauti idan an kira salla. A tuna kuma cewa sarakunan Ga, masu masaukinmu, sukan hana kiɗa da hayaniya na kusan wata guda tsakanin Mayu da Yuni kafin bikin Homowo, kuma zaman lafiyarmu da su ya fi kowace liyafa. Haka nan hoton ɗan wani ba a sa shi a Facebook ko a zaurukan WhatsApp sai da izinin iyayensa.

Na san wasu masu karatu za su ce ai bikin zagayowar ranar haihuwa kansa malamai sun yi saɓani a kai. Wannan fagen nasu ne, ba nawa ba. Amma dalilan tara yara ba su ƙare a nan ba: akwai saukar Alƙur'ani, akwai yinin bayan Salla, akwai hutun ƙarshen zangon karatu, akwai 6 ga Maris da ƙasar nan ta sami 'yancin kai a 1957.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne jaridarka ta ware ɗan fili ko da sau ɗaya a wata, ta riƙa buga tatsuniya guda cikakkiya da waƙarta, da kacici-kacici, da ƙa'idojin wasa ɗaya na gargajiya. Iyaye mata da yawa da na yi magana da su suna son gwada daren tatsuniya a gidajensu, amma sun ce farkon labarin kawai suke tunawa, kuma tsofaffin da za su tambaya suna ƙauye ko sun riga mu gidan gaskiya.

Na gode da filin da ka ba ni.

Wata malamar firamare,
Nima, Accra