Taliyar daren aiki da inda ake ɓata ta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili mu yi bayani kan taliya da miyar tumatir, irin wadda iyaye ke koya wa 'ya'yansu saboda daren da aka dawo aiki a gajiye. Minti 25 ya isa a gama ta.

Mutum huɗu, taliya giram 400. A tafasa ruwa lita huɗu da gishiri babban cokali biyu. Kafin ya tafasa, a soya tafarnuwa ƙwaya huɗu, yankakkiya, a man zaitun cokali uku kan wuta kaɗan. Da ta fara ja a zuba tumatirin gwangwani giram 400 da ɗan barkono, domin in ta ƙone miyar za ta yi ɗaci, kuma babu gyara. A bar shi minti 15.

Wajen taliyar ne aka fi kuskure. Kada a zuba mai a ruwan dahuwa, kada kuma a ɗauraye ta bayan an tsame. Dukansu suna hana miya kama ta, sai ka ga miya a gindin kwano, taliya fara fat a sama. A tsame ta saura minti biyu kan lokacin da aka rubuta a leda, a ɗebi kofi ɗaya na ruwan dahuwar. A juye taliyar cikin miya, a riƙa ƙara ruwan kaɗan-kaɗan ana juyawa. Sitacin da ke cikinsa shi ke haɗa mai da tumatir su yi kauri.

Naku,
Masu karanta jaridarku