Sanarwa kan sabobin bogi

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Masu buga wasannin kwamfuta na Counter-Strike: Source da Team Fortress 2 a nan Gusau, don Allah a kula.

Akwai sabobin (saba ita ce kwamfutar da ake haɗuwa a kanta a yi wasa ta intanet) da ke nuna mutum 31 cikin 32, kana shiga ka tarar ba kowa sai ƴan wasan da kwamfuta ke sarrafawa. Sabar ce da kanta ke bayyana adadin masu wasa, shi ya sa mai ita ke iya ƙara lamba don ta hau saman jerin sabobi. Wasu ma kana dannawa su jefa ka wata saba daban, ka sauke fayiloli, datarka ta tafi a banza. Da tsadar data yanzu, wallahi wannan zalunci ne.

Kafin ka shiga, duba bayanan sabar. In a cike take ko da asuba, ko makin kowa sifili ne, ko suna ɗaya ya fito a adireshi da yawa, ka guje ta. Ka danna mata maɓallin dama na linzami, ka saka ta a baƙin littafi, ba za ta sake fito maka ba.

Wanda ya kama irinta ya turo adireshinta da hoton shaida nan. Sai mutum biyu sun tabbatar za mu saka ta a jerinmu na sabobin bogi, kada mu ɗauki alhakin wani.