Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ya yanka mana faifan da allura ke tsalle a kansa

Yallaɓai Manaja,

Bayan gaisuwa. Amsar da ma'aikacinku ya aiko ranar 14 ga Mayu ce ta sa muka fito da maganar nan fili. Ga ta kamar yadda ya rubuta: "Faifan lafiyarsa ƙalau a wurinmu. Wataƙila garmahonku ne mara inganci." Bayan nan mun kira sau huɗu ko biyar, babu wanda ya ɗaga.

Tun cikin Fabrairu muka biya Yuro 1,850 kuɗin kwafi 300, har da Yuro 90 da rasitinku ya ce na duba sauti ne kafin yanka, wato zana tsagin da allura ke bi a jikin faifan. Faifan gwaji ya iso, kuma a waƙa ta uku ta fuskar farko, daidai minti 2 da daƙiƙa 40 inda ganga ta shigo, allura ta fice daga tsagi. Garmaho uku muka gwada, nauyin allura giram 2 a kowanne, duk a wuri ɗaya suke tsalle. Yaya za a yi garmaho uku su lalace a daƙiƙa guda?

Kun fi mu sanin dalili, amma bari mu faɗa domin masu karatu. Tsagin faifan sitiriyo bango biyu ne, kowanne a karkace digiri 45, ɗaya na sautin lasifikar hagu, ɗaya na ta dama. Sautin da hagu da dama suka yi tarayya a kansa gefe da gefe yake kaɗa allura. Wanda suka saɓa a kansa kuwa sama da ƙasa yake kai ta. In saɓanin ya faɗa kan sauti mai kauri, tsagin sai ya yi zurfi, nan take kuma ya tsuke ya zama ɗan siriri, allura ta rasa wurin kamawa.

Saɓanin yana cikin fayil ɗinmu, ba mu musa ba. Makirfo biyu aka sa wa gangar, ɗaya ya fi ɗaya nisa da kusan mita ɗaya da rabi. Tsawon igiyar sauti mai kauri irin na gangar, a 110 Hz (kaɗawa 110 a daƙiƙa), kusan mita 3.1 ne, wato tazarar ta zo daidai rabinsa, hagu na turawa dama na ja. A waya ko kwamfuta ba ya damun kowa. Amma ma'aunin daidaiton hagu da dama yana sauka zuwa −0.6 a wurin (ƙasa da sifili alamar saɓani ce), kuma duk wanda ya kalle shi sau ɗaya zai gani. Aikin Yuro 90 ɗin ke nan! Ko dai ku haɗe duk abin da ke ƙasa da 150 Hz ya koma mono, wato hagu da dama su zama ɗaya, kafin ya kai ga na'urar yanka, ko ku aiko imel ku ce mu gyara. Ko ɗaya ba ku yi ba.

Sai kuma yanka na biyu, wanda kuka caje mu Yuro 320 a kai. Tsallen ya tafi, amma kun haɗe sautin har wajen 500 Hz, kun kuma rage ƙarfi da desibel 4. Garaya da 'yan amshi, da muka shimfiɗa hagu da dama, duk sun dunƙule a tsakiya, ƙarar tsagi ta taso a wuraren shiru. Fuskar minti 17 ce kacal, babu ƙarancin wuri da zai sa a danne ta haka. Da muka yi magana, aka dawo mana da zancen garmaho, alhali ƙorafin ma ya canza.

Muna buƙatar ku sake yanka fuskar farko kyauta, da haɗewa a 150 Hz da ƙarfinta na asali, ku aiko sabon faifan gwaji, ku mayar mana da Yuro 410 na dubawar da ba a yi ba da yankan da ya lalace. Sannan ku faɗa a rubuce wane ne yake duba fayilolin da ake aiko muku, da abin da yake dubawa. Mun fara zargin cewa babu mai yi, kuɗin kawai ake karɓa, musamman daga ƙananan situdiyo na nesa irinmu da kuka san ba za mu iya zuwa ƙofarku ba. Ba mu amince a buga ko kwafi ɗaya daga yanka na biyu ba, kuma muna jiran amsa cikin kwana 14.

Naku,
Injiniyan sauti, a madadin situdiyonmu da ke Kano