Zauren kiɗan da nake ba ka labari

Salamu alaikum mutumina,

Ya gida ya yara, ya ɗawainiya? Na san ka ƙullace ni, shirun ya yi yawa, ka yi haƙuri don Allah. Abin da na gani daren jiya ne ya hana ni sukuni, na ce kai kaɗai za ka fahimce ni.

Ka tuna na taɓa ce maka akwai wani zauren kiɗa a nan Minneapolis ta Amurka, The Cedar Cultural Center, a unguwar Cedar-Riverside inda 'yan Somaliya suka yi yawa? To yanzu fa aikin sa kai nake yi a wurin. Ginin asalinsa silima ce tun 1948, sai a 1989 aka mai da shi gidan kiɗa, kuma ba don riba aka kafa shi ba, duk abin da ya shigo cikin hidimar yake komawa. Nawa aikin duba tikiti a bakin ƙofa da jera kujeru, in an tashi mu naɗe su. Ba a biyan ko sisi amma kallo kyauta ne, kuma ba ruwansu da shekaru, za ka ga dattijuwa ta zo da jikanta.

Jiya wasu mutum uku suka hau dandamali, ban taɓa jin sunansu ba, yarensu ko kalma ɗaya ba na ji, kujerun baya ma duk babu kowa saboda sanyi ya tsananta. Dattijon cikinsu ya ɗauki lokaci yana ɗaure tsirkiya, ya kara kunnensa jikin abin kiɗan yana murɗawa a hankali, ba wanda ya yi ko tari. Da matar ta buɗe baki wallahi sai da tsigar jikina ta tashi, ina tsaye a ƙofa da guntayen tikiti a hannu hawaye na zubo min. Bayan an tashi na ganta a ɗan teburin da suke sayar da faifai, hannunta na rawa tana sa hannu, duk wanda ya zo sai ta riƙe hannunsa da hannu biyu. Irin waɗannan manyan gidajen wasa ba za su kalle su ba, tunda ba za su cika wuri ba.

Kai na tuna, malam mai jita, wanda tun da ya yi aure ya rataye ta a bango ya koma ajiye tumbi! Amarya ce ta hana ko kuwa yatsun ne suka yi nauyi?

Za ka ce to da me suke riƙe wurin, ni ma na yi wannan tambayar. Kuɗin tikiti kam ba ya isa, gudummawar jama'a ce da tallafi da irinmu masu aikin sa kai. Kuma a 2008 mutanen jihar nan ta Minnesota da kansu suka kaɗa ƙuri'a aka ɗan ƙara harajin saye da sayarwa na tsawon shekara 25, kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarin ana ware shi don fasaha da al'adu. Wannan abu ya burge ni ba kaɗan ba. Sun yi wani shiri ma mai suna Midnimo, ma'anarsa haɗin kai a yaren Somaliya, a 2014 suka fara kawo mawaƙan Somaliya su zauna kwanaki suna koyarwa suna wasa. Abin da ke damuna shi ne biza, mawaƙi ƙarami daga waje kafin ya haɗa kuɗin takardu da na jirgi ya jigata, wani lokacin har ranar wasa ta zo takarda ba ta fito ba.

Af, wai da gaske ne mai gemu ya bar koyarwa ya koma kasuwa? Ƙanenka ya faɗa min rabi layi ya katse. Kuma bashin nan na caja ban yafe ba.

Don Allah ka sauko da jitar nan ka kakkaɓe ƙura, waƙar nan da kake mana a soro ka ɗauka ko da waya ce ka turo min ta WhatsApp, akwai mai haɗa sauti a wurin da muke shiri sosai, ina so ya ji. Kar ka ce sai ka gyara murya, na san halinka.

A gaida Mama da amarya.

Naka har kullum.