Wasiƙar Makaranta: Abin da Ɗalibanmu Suka Gano Game da Saiti a Sararin Samaniya

Assalamu alaikum, iyaye da masu kula da ɗalibai.

A wannan zango ƙungiyar kimiyya da lissafi ta makarantarmu ta ɗauki wata tambaya da yaranku suka kawo daga finafinan ƙirƙira, inda jiragen sararin samaniya ke harbin juna daga nesa ba tare da kuskure ba: shin irin wannan saiti zai yiwu? Malamai ba su raina tambayar ba, domin darasin kusurwa ne tsantsa.

Ɗalibai sun ɗauki nisan wata daga duniya, kimanin kilomita 384,400, suka lissafa cewa idan mai harbi ya karkace da digiri 1 kacal, harbinsa zai kauce da kusan kilomita 6,700, wato kusan ninki biyu na faɗin watan kansa. Samun jirgi mai tsawon mita 100 a wannan nisa kuwa daidai yake da saita ƙwayar gero guda daga nisan kilomita 10. Abin da ya fi ɗaure musu kai shi ne jinkirin haske. Haske na ɗaukar kusan daƙiƙa 1.3 kafin ya ƙetare wannan tazara, saboda haka mai harbi yana ganin inda jirgin yake a baya ne, kuma ko da makaminsa na haske ne, sai ya ƙara wata daƙiƙa 1.3 kafin ya isa. Jirgin da ke gudun kilomita 8 a daƙiƙa ya riga ya yi gaba da fiye da kilomita 20, kuma idan ya ɗan sauya hanya a tsakani, lissafin duka ya rushe.

Mun kuma nuna musu misali na zahiri. A ranar 26 ga Satumba 2022, kumbon DART na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ya daki wani dutsen sararin samaniya mai suna Dimorphos, mai faɗin kimanin mita 160, a nisan kusan kilomita miliyan 11 daga duniya. Ba daga ƙasa aka saita shi sau ɗaya ba. A sa'o'in ƙarshe kumbon ne da kansa ya riƙa kallon dutsen da kyamararsa yana gyara hanya har ya same shi. A ganinmu wannan ne darasin da ya fi muhimmanci: a nesa mai yawa, gyara a kan hanya ya fi ƙwarewar harbin farko.

Muna roƙon ku tabbatar kowane ɗalibi yana da akwatin kayan lissafi mai ɗauke da ma'aunin kusurwa, domin aikin zai ci gaba a zango mai zuwa. Ku kuma ja kunnen yara kada su haska fitilar lesa, wato mai fitar da siririn haske mai ƙarfi, a idon kowa ko a kan jirgin sama, domin tana iya lalata gani.

Wassalam,
Shugaban Makaranta