A Bambance Gishirin Dabba Da Na Miya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili in ja hankalin makiyaya da matan gida a kan gishirin da ke shigowa kasuwanninmu, musamman Maigatari ran Alhamis da Wudil ran Juma'a, domin ana yawan rikita shi.

Gishirin dutse na ainihi haƙo shi ake yi a ƙasa, ragowar tafkunan da suka ƙafe tun zamanin da, kamar na Taudeni a arewacin Mali da raƙuma ke kaiwa Tambutu. In ka fasa shi za ka ga ƙwayoyinsa masu kusurwa huɗu suna sheƙi, wuƙa ma tana kankare shi. Kantun gishirin Bilma da Fashi na Jamhuriyar Nijar kuwa ruwan gishiri ne rana ke ƙafarwa a ramuka, a cuɗa da ƙasa a zuba a mazubi ya bushe. Na Keana da Awe a Jihar Nasarawa dafa shi ake yi. Mai shakka ko kanwa aka sayar masa ya ɗiga ruwan lemun tsami a kai: kanwa za ta yi kumfa, tsantsar gishiri ba ya yi.

Lita ɗaya ta ruwa tana narkar da kusan gram 360 na gishiri, don haka kantun da aka yar a tsakar garke da damina asara ce. A ɗora shi a kan itace, a ƙarƙashin rumfa. Babbar saniya kimanin gram 30 ya ishe ta a rana. Inda ake tafka kuskure shi ne dabbar da ta yi watanni ba ta lasa ba a sakar mata ta ci son ranta, alhali rijiya na nesa. Sai ka ga tana rawar jiki, tana tangaɗi, wata ma ta faɗi ba ta tashi ba. A fara mata kaɗan-kaɗan, ruwa na kusa.

Abin da ya fi damuna shi ne a daka kantu a zuba a miyar kuka don ya fi araha. Ba a sa masa aidin ba, wato sinadarin da ake ƙara wa gishirin miya, kuma rashin aidin ke kawo maƙoƙo, ya dakushe ƙwaƙwalwar yaro tun yana ciki. Mai juna biyu da yara a ba su gishirin leda mai aidin, mai tambarin hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta NAFDAC, a rufe shi a gwangwani, nesa da rana da murhu.

Naku,
Wani ma'aikacin lafiyar dabbobi, Maigatari, Jihar Jigawa