Wasiƙar Godiya ga Hukumar Gudanarwa da Ma'aikatan Ƙungiyar Makaɗa ta OAE, Landan

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan ofishin Orchestra of the Age of Enlightenment,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a a matsayina na uba mazaunin gundumar Camden, wanda 'yarsa ke karatu a makarantar sakandare ta Acland Burghley, inda kuka tare tun shekarar 2020. Makaɗa suna shan tafi a dandali, amma ba kasafai ake tunawa da masu riƙe littafin kuɗi da masu tsara jadawali ba, alhali kuwa da su aikin yake tsaye. Saboda haka ku nake nufi da wannan godiya.

Abin da ya fi burge ni game da ku shi ne yadda kuka raba iko. A shekarar 1986 ne wasu makaɗa suka kafa ƙungiyar, suka kuma yanke shawarar cewa ba za su naɗa madugu guda na dindindin da zai riƙa juya su ba, saɓanin yadda aka saba a manyan ƙungiyoyin kiɗan Turai. Har yau makaɗan ne ke zaɓen kwamiti daga cikinsu, wanda ke da bakin magana kan kiɗan da za a gabatar da kuma jagoran da za a gayyato. Ko da mashahurin jagoran makaɗa ne irin Simon Rattle, zuwa yake yi bisa gayyata, ya yi aikinsa tare da su, sannan ragamar ta ci gaba da zama a hannun masu ita.

Wannan tsari ba mai sauƙi ba ne, domin shawarar mutane da yawa tana cin lokaci, kuma gwanin kiɗa ba lallai ne ya zama gwanin lissafi ba. A nan ne hukumar gudanarwa ta cancanci yabo. Makaɗa na zaune a cikinta tare da mutanen waje masu sanin harkar kuɗi da shugabanci, kuma kasancewar ƙungiyar mai rajistar aikin jinƙai, babu wanda ke raba riba ya zuba a aljihu. Kowace shekara ana miƙa rahoton shige da ficen kuɗi ga hukumar da ke sa ido kan irin waɗannan ƙungiyoyi a Ingila, duk mai so kuma yana iya karantawa. Kuɗin tikiti kaɗai ba ya ɗaukar nauyin irin wannan aiki, shi ya sa ma'aikatanku ke ta faɗi-tashin neman tallafi daga Arts Council England, hukumar tallafa wa ayyukan fasaha a Ingila, da gidauniyoyi da masu hannu da shuni, har ƙungiyar ta riƙe matsayinta a zauren kiɗa na Southbank Centre da ke Landan da bikin kiɗa da waƙa na Glyndebourne.

Amfanin wannan kyakkyawan riƙo ya iso gidana. Ofishinku da ma'ajiyar takardun kiɗanku suna cikin makarantar, makaɗa kuma suna atisaye a babban zauren taro mai kusurwa shida, yara suna giftawa suna jin kiɗan da tsofaffin gwanayen Turai, Bach da Handel da Mozart, suka tsara, ana kaɗa shi da irin kayan kiɗan zamaninsu. 'Yata ta taɓa gogen Turawa mai tsirkiyar hanjin tumaki da hannunta, ta kuma ga ƙaho marar maɓalli ko ɗaya, wanda leɓe da numfashi kawai ke sarrafa muryarsa, tamkar kakakin fadar sarakunanmu. Ta dawo gida tana yi mini bayanin yadda danshi da zafi ke sa irin wannan tsirkiya ta saki, har sai makaɗi ya tsaya ya sake ɗaure ta. Wasu ɗaliban kuma suna koyon ɗaukar bidiyo da saita fitilun dandali a wajen ma'aikatanku, sana'ar da za ta iya ciyar da su gobe.

Na san kun yi koyi ne da wata ƙungiyar makaɗa ta birnin Bremen a Jamus, wadda ta koma cikin makaranta a 2007, amma kai ofis tsakiyar hayaniyar yara mataki ne da ke buƙatar hukuma mai ƙarfin hali da ma'aikata masu haƙuri, kuma kun nuna kuna da duka biyun. Roƙona shi ne ku ƙara yawan ranakun da iyaye za su iya shigowa kallon atisaye, musamman waɗanda ba su taɓa shiga zauren kiɗa ba.

Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa ƙungiyar ɗaukaka.

Naku cikin girmamawa,
Wani uba daga Camden, Landan